Ramin da Lionel Tibbett Ya Toshe

Duk wanda ya zauna a garinmu na Tarrawilla, ko da na damina ɗaya ne, ba ya buƙatar a gabatar masa da Mista Lionel Tibbett, domin kafin ido ya gan shi kunne ya riga ya ji tarihinsa kaf, kuma daga bakinsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gwanjon shanu a kara, sana'ar da ta bar masa gado iri biyu: muryar da ke tsallake katanga uku ba ta gaji ba, da kuma cikakken imani cewa duk maganar da aka faɗa da ƙarfi ta zama gaskiya. Da ya ajiye aiki, sai ya kwashi waɗannan baiwa guda biyu ya zuba su a kan kanikanci, fannin da bai taɓa karanta ko shafi ɗaya a kansa ba.

Musabbabin haka kuwa wata 'yar motar tsere ce ƙirar Ingila, ta shekarar 1962, mai kujera biyu, marar rufi, koriya shar, wadda ya saya cikin kayan wani mamaci ya raɗa mata suna Gimbiya. Shekara shida Gimbiya ta yi a gareji a kan tubala, tana karɓar 'yan dubiya kamar majinyaciya. Tankin fetur ɗinta, wanda aka cire tun farko saboda tsatsa, aka wanke aka yi masa fenti, shi kuma ya tare a ɗakin wankin matarsa Noelene, tsakanin injin wanki da kwandon kaya, inda ya ɗauki alhakin bugun ƙwaurinta kowace safiyar Litinin.

A shekarar da ake magana, kwamitin baje kolin amfanin gona ya yanke shawarar cewa Gwaggo Dulcie Hargreave ce za ta jagoranci jerin gwanon buɗe biki, daga gidan waya har cikin filin, sabili da cikarta shekara ɗari a duniya, hamsin daga ciki tana alƙalancin gasar kek. Ana cikin shawarar motar da ta dace da ita, Lionel ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa.

"Jama'a, magana ta ƙare. Gimbiya ce za ta ɗauke ta. Tanki kawai ya rage in mayar, kuma aikin hantsi ɗaya ne."

"Wane hantsin?" in ji Noelene daga wajen tukunyar shayi. "Na bana, ko ɗaya daga cikin na shekarun nan shida?"

"Ke Noelene, ana maganar inji, ki tsaya a kan biskit ɗinki."

Noelene ta ajiye butar shayi a hankali, irin ajiyewar da duk mai aure a ɗakin ya gane ma'anarta, ya sunkuyar da kai.

"To, ku zama shaida. Shekara uku ina roƙon mutumin nan ya gina mini akurki. Yanyawa ta cinye mini kaji huɗu yana can yana shafa wannan gwangwani. In motar ta shiga ƙofar fili da injinta, bakina ya mutu, ba zan ƙara ambaton akurki ba. In ba ta shiga ba, kajina sun samu gida a cikinta."

"Gimbiya? Kaji?" Lionel ya yi wata dariya da ta girgiza kofuna. Ya daki tebur kamar ya sallama bijimi. "Sakatare, rubuta!"

Sakatare ya rubuta. Ya kamata mai karatu ya sani cewa a Tarrawilla abin da ya shiga littafin kwamitin baje koli ya fi hukuncin kotu wuyar sokewa. Saura kwana tara.

Maƙwabciyarsa ta hannun hagu ita ce Glenys Pappas, wadda ta riƙe garejin garin shekara talatin da bakwai tare da marigayi mijinta, alhali kowa ya san shi gaisuwa yake yi, ita take gyara. Washegari da hantsi, da ta ga Lionel ya fito da tanki a rungume kamar amarya, sai ta ɗauko kujera da kofin shayi ta zauna a bakin shinge. Ta kuma miƙo masa wani tsohon littafin motar, mai tabon baƙin mai.

"Ungo, Lionel. Shafi na sittin da biyu."

"Riƙe abinki, Glenys. Littafi na masu neman sani ne."

"Haka ne. Shi ya sa na kawo."

Lionel ya juya mata baya. Ya shige ƙarƙashin Gimbiya da tankinsa, ya tura ta nan ya ƙi, ya tura ta can ya ƙi. Dalili kuwa, tun bara ya ɗaura sabuwar salansa, ya ɗaure notunanta da dukkan ƙarfin da Allah Ya ba shi, kuma ta tsaya daidai a hanyar da tanki zai bi. Awa uku yana kokawa, ƙafafunsa kaɗai ake gani suna shure-shure.

"Lionel," in ji Glenys, "a gidanku bayan takalmi ake sa safa?"

"Auna faɗin wurin nake yi!"

"Da kanka kake aunawa? Don na ji ya bugu sau huɗu."

Kwance salansar ya ci yini biyu, da noti uku da suka karye, da fatar yatsu guda biyu. Kafin a kai haka, 'yan kallo a bakin shinge sun zama shida. Cikinsu har da Wally Brandt, mahaucin garin kuma shugaban 'yan kwana-kwana na sa kai, wanda aka ba ƙungiyarsa sabon injin feshin kumfa wata goma sha ɗaya da suka wuce, amma gobara ta ƙi tashi ko a kwandon shara. Wally yana zuwa ne kullum da fata a zuciyarsa.

Rana ta huɗu Lionel ya fuskanci matsalar da ke fuskantar duk mai ɗaura tanki shi kaɗai: hannu biyu na riƙe tanki, hannu biyu kuma na ɗaure madauri, shi kuwa biyu kacal aka ba shi. Glenys ta ce za ta kawo jak ɗinta, ko ta riƙe masa da kanta. Ya ce masu basira ba sa jiran jak. Ya shiga gida ya fito da teburin guga na Noelene, mai ƙafafu masu naɗewa, ya tura shi ƙarƙashin motar, ya ɗora tanki a kai, ya ɗaga shi har ya taɓa mazauninsa. Sa'an nan ya leƙo ya yi wa 'yan kallo jawabi a kan yadda manyan ƙirƙire-ƙirƙiren duniya suka samo asali daga irin wannan tunani.

Ya koma ya kwanta, ya kai hannu ga madauri, gwiwarsa ta daki maɓallin teburin.

Ƙarar da ta biyo baya, an ji ta har shagon magani. Teburin ya naɗe ya maƙale masa hannun riga, tanki ya sauko ya zauna daram a kan tumbinsa, wanda, in za a yi adalci, shi ne wuri mafi laushi a duk harabar.

"In kunna kumfa?" in ji Wally, ya riga ya miƙe.

"Zauna, Wally, babu wuta," in ji Glenys. "Lionel, kana numfashi?"

"Ina... duba... nauyinsa," in ji murya daga ƙasa.

Noelene ta fito, ta dubi ƙafafun mijinta, ta dubi teburinta da ya karkace.

"Wannan teburin kyautar aurenmu ce daga Gwaggo Merle."

"Ke, ki ciro ni tukuna!"

"Shi ya yi mini aiki shekara arba'in da huɗu bai taɓa cika baki ba," in ji ta, ta koma ciki.

Mutum uku suka jawo shi ta ƙafa. Rana ta biyar ya karɓi aron jak, bisa sharaɗin a fahimci cewa don kada ran Glenys ya ɓaci ne. Tanki ya hau, madauri biyu suka ɗauru, Lionel ya fito yana share hannu, ya nemi a tafa. Glenys ta nuna masa da cokalin shayi cewa ƙofar zuba mai tana gefen dama na motar, bakin tankin kuwa yana kallon hagu, wajen shingenta, kamar mai neman ceto. Lionel ya tsaya ya yi nazarin al'amarin, sannan ya tambaya da gaske ko akwai mai zarton ƙarfe, domin a ganinsa ya fi sauƙi a huda sabuwar ƙofa a jikin motar. Sai da Wally ya riƙe shi. Tanki ya sake saukowa.

A wannan saukowar ce ƙaddara ta gabatar da zanzaro.

A Tarrawilla ba a barin rami a buɗe. Zanzaro yana gina gidan laka a cikin bakin tiyo, da ramin makulli, da bututun injin yankan ciyawa, har ƙahon 'yan badujala ya taɓa cikawa, aka busa a ranar biki ƙasa ta fito. Saboda haka kowane gida yana da gwangwanin tsummoki da 'yan tsinkaye na toshe ramuka, kuma yaro kan koyi wannan tun kafin ya koyi ɗaurin takalmi. Amma al'adar tana da rabi na biyu, wanda shi ne muhimmi: ranar da za a yi aiki da abu, sai a cire tsumman.

Da Lionel ya juya tankin, sai ya ga wani siririn bututu a samansa, bai kai kaurin fensir ba, cike da laka. Ya zungure shi da waya, tsutsotsi biyu suka faɗo. Ya leƙa, ya busa, ya ji iska ta shiga cikin tankin. Fuskarsa ta ɗauki hasken mutumin da ya kama ɓarawo.

"Jama'a, ku zo ku ga aikin Turawan Ingila! Rami! A jikin tankin mai! Ba ya zuwa inji, ba ya zuwa ko'ina. Wani malalaci ne ya huda ranar Juma'a da yamma ya tafi mashaya."

"Ramin numfashi ne," in ji Glenys.

"Na me?"

"Numfashi. In mai ya fita, iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ka sa masa tiyo ka bar shi a buɗe."

"In bar wa zanzaro ɗaki da falo ke nan? Glenys, da girmanki. Saniya ke numfashi. Na sayar da dubu ɗari biyu, na sani. Tanki ƙarfe ne."

"Lionel, ban taɓa roƙonka komai ba. Kar ka toshe ramin nan."

"Ba toshewa zan yi ba, gyara kuskuren kamfani zan yi."

Ya narka dalma ya cika bututun har baki, ya goge, ya shafa fenti. Bai tsaya nan ba. Ya lura tsohon murfin tankin ma yana da wata 'yar huda kamar ta allura, ya jefar da shi, ya samo sabo mai roba a baki, wanda ke rufewa gam kamar kwalbar zuma. Da ya ga kuma asalin famfon man yana tsotsa a hankali, tik, tik, tik, kamar agogon tsohuwa, sai ya ce wannan bai dace da motar tsere ba. Ya ciro famfo daga wani tsohon injin feshin maganin ƙwari na gonar auduga, ya ɗaura.

"Yanzu," in ji shi, yana bubbuga tankin, "ko iska ba za ta shiga ba."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa," in ji Glenys.

Jajibirin biki Gimbiya ta sauka daga kan tubala, ta yi tari, ta tashi. Lionel ya tuƙa ta daga gareji zuwa ƙofar gida, taku goma sha biyar, ya dawo da baya, ya kashe. Ya fito ya rusuna wa 'yan shinge. Da yammacin ranar aka ga Noelene a shagon kayan noma tana ɗora damin ciyawa biyu a bayan motarta, irin wadda ake shimfiɗa wa kaji masu ƙwai. Glenys kuwa ta je wurare biyu. Ta ce wa Wally ya tabbata motar kwana-kwana ce ke bin Gimbiya kai tsaye. Sannan ta je ta faɗa wa Gwaggo Dulcie gaskiyar halin da ake ciki, ta ba ta shawarar ta hau motar shugaban ƙaramar hukuma.

"Za ta fashe ne?" in ji Gwaggo Dulcie.

"Ba na jin za ta fashe, Gwaggo. Amma wani abu zai faru."

"To ita zan hau. 'Yar nan, shekara goma sha biyu rabon da wani abu ya faru da ni."

Ranar Asabar da ƙarfe goma, gari ya cika titi. Lionel ya sa hular fata ta direbobin da, da tabarau mai madauri, da farin mayafin wuya. Ya cika tankin har mai ya taɓa murfi, ya murɗa murfin da hannu biyu. Aka ɗaga Gwaggo Dulcie aka zaunar a gefensa, da hularta mai furanni da jakarta a cinya. Bayansu motar kwana-kwana, bayanta 'yan badujala, sai 'yan makaranta, sai taraktoci, sai bijimai takwas da aka yi wa wanka da sabulu. Daga gidan waya zuwa filin, kilomita ɗaya da rabi ne.

Gimbiya ta tashi da ruri irin na zaki mai mura. Famfon gonar auduga ya kama aikinsa da himma, yana tura mai fiye da abin da injin zai iya haɗiyewa, rarar tana ɗiga a kwalta, baƙin hayaƙi yana turnuƙe motar Wally. Lionel yana ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

A daidai otal aka ji ƙwam!

Mai babbar ganga ya dubi gangarsa, ya dubi sandarsa.

"Mene ne wannan?" in ji Gwaggo Dulcie.

"Ƙarfe ne yake zama a mazauninsa, Gwaggo. Haka motocin tsere suke."

A daidai coci aka ji ƙwam! ƙwam! Wannan karon bayan motar ya yi tsalle kaɗan. Abin da ke faruwa a ƙasa, wanda Lionel kaɗai ne a duk garin bai fahimta ba, shi ne famfo yana zuƙe mai, iska ba ta da hanyar shiga, tankin kuma yana tsotse kansa kamar kumatun tsoho marar haƙori.

Glenys tana tafe a gefen titi, daidai da motar, don saurin Gimbiya bai wuce na mai tafiya kasuwa ba.

"Lionel! Buɗe murfin! Ka ba shi iska!"

"Ana jerin gwano, Glenys, ki koma cikin 'yan kallo!"

"Yaro, ka ji abin da ta ce," in ji Gwaggo Dulcie. Shekarun Lionel saba'in da uku, amma ita ta taɓa canza masa tsumma yana jariri, kuma ba ta bar kowa ya manta ba. "Wani abu yana motsi a ƙarƙashina, kuma ba ni ba ce."

Da injin ya fara shaƙewa a gaban makaranta, Lionel ya tsaya, ya fito, ya sanar da jama'a cewa zai yi wani ɗan bincike na al'ada. Ya kama murfin ya murɗa. Murfin ya ƙi. Tankin ya riƙe shi daga ciki da ƙarfin da ya fi na bijimi. Ya sa mayafin wuyansa ya naɗe ya murɗa, ya sa ƙafa ya dogara da taya, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir, mayafin ya yage biyu. Murfin bai ko motsa ba.

"Lafiya lau!" ya faɗa wa jama'a da muryar gwanjo. "A rufe yake gam, yadda ake so!"

Ya koma ya taka mai. Gimbiya ta yi gaba da tari da atishawa, kowane taku ashirin da ƙwam ɗinsa, har 'yan badujala suka haƙura suka daidaita kiɗansu da shi. Ga ƙofar fili ta bayyana, ga tutoci, ga mai lasifika yana cewa a tafa wa Gwaggo Dulcie. Ga kuma Noelene tsaye a jikin ginshiƙin ƙofar, hannu a harɗe, sakatare a gefenta da littafi.

"Noelene!" Lionel ya ƙwala. "Ki gaida mini kajinki!"

Ƙofar filin, kamar kowace ƙofa a ƙasar kiwo, tana da shimfiɗar ƙarafa a kan rami, don hana dabbobi fita. Tayoyin gaba suka hau, girgirgir, suka wuce. Tayoyin baya suka hau. Tankin, wanda ya riga ya rame har madaurinsa suka yi masa yawa kamar wandon aro, ya zame, ya faɗo, ya cusa kansa tsakanin ƙarafa biyu. Tiyon mai ya tsinke. Iska ta samu ƙofar da aka hana ta kwana huɗu, ta shiga da wata doguwar shewa mai ban tausayi, wadda ta sa bijimai takwas suka amsa gaba ɗaya. Injin ya yi tari biyu, ya mutu. Warin fetur ya tashi.

"Fetur!" in ji Wally Brandt, da muryar mutumin da aka amsa wa addu'a. "Samari, kumfa!"

Dole a yaba wa 'yan kwana-kwanan Tarrawilla. Biyu daga cikinsu suka sunkuci Gwaggo Dulcie da hularta da jakarta suka ajiye ta a kan damin ciyawa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Sauran suka buɗe injin da ya yi wata goma sha ɗaya yana jira, kuma babu wanda ya karanta shafin da ke bayanin yadda ake kashe shi. Cikin minti ɗaya Gimbiya ta ɓace. A inda take sai wani farin tudu, daga ƙolinsa hular fata da tabarau suna leƙowa, daga ciki kuma murya tana fita.

"Ta shiga! Sakatare, rubuta, ta shiga!"

Aka share kumfa aka duba. Hancin Gimbiya da kujerunta suna cikin fili. Tayoyin baya suna kan ƙarafa, wutsiyarta tana kan titin gwamnati, ta kuma tare hanya, 'yan makaranta da taraktoci da bijimai duk sun yi cirko-cirko a rana. Glenys ta sa ƙugiya ta jawo tankin. Abin da ya fito bai yi kama da tanki ba, ya fi kama da matashin kai da aka yi faɗa a kansa. Ta juya shi, ta nuna wa jama'a ɗan bututun da ke sama, da dalmarsa tana ƙyalli.

"Aikin dalmar dai ya yi kyau," in ji ta. "Ko zanzaro ɗaya bai shiga ba."

"Fiye da rabinta yana ciki!" in ji Lionel, kumfa tana zuba daga kunnuwansa. "A kawo ma'auni! A ƙa'idar gwanjo, in kan sa ya shiga..."

"Ba sa ba ce, mota ce," in ji Noelene. "Gindinta yana waje."

Sakatare, wanda ke cin abinci a gidajen ɓangarorin biyu, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai dai a kai wa babbar alƙaliya. Kowa ya juya wajen damin ciyawa. Gwaggo Dulcie ta gyara hularta, ta ɗauki lokacinta.

"Yaro, na ji daɗin tafiyar nan, ban taɓa jin irinta ba tun ranar da doki ya gudu da ni da mijina. Amma shekara hamsin ina yanka kek a filin nan. Wanda samansa ya gasu, ƙasansa ɗanye, ban taɓa ba shi lambar yabo ba, ko na matar limamin coci ne. Ba ta shiga ba."

Sakatare ya rubuta. Tarakta ta ja Gimbiya da baya, aka buɗe hanya, Gwaggo Dulcie ta ƙarasa shiga fili a saman motar kwana-kwana, tana kaɗa ƙararrawa da hannunta.

Ranar Litinin aka tura Gimbiya filin da ke bayan gidan Lionel, ƙarƙashin bishiyar lemo. Noelene ta shimfiɗa ciyawa a kan kujerun fata, kaji takwas suka shiga suka duba, wata ja mai suna Pearl ta zaɓi kujerar direba. Glenys ta matso da kujerarta zuwa shingen baya. Ba a jima ba Lionel ya fito da fallayen kwano a kafaɗa, da gwangwanin dalma, da fuskar mutumin da bai taɓa faɗuwa a komai ba.

"Ku saurara, jama'a. Dama mota marar rufi ba ta dace da kaji ba, kuma ni na fara lura da haka. Zan yi mata rufin da ba a taɓa gani ba a jihar nan. Yanyawa? Maciji? Zan liƙe ta ta ko'ina, ko iska ba za ta..."

Noelene ta zare gwangwanin dalmar daga hannunsa, ta miƙa wa Glenys ta kan shinge. Ta sa masa kwandon ƙwai a madadinsa.

"Lionel," in ji ta, "su kam suna numfashi."